Kotin ɗin da dillalin mota ke sayarwa: kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa? (Zare 🧵)

1/
Jama'a, ku matso. In kai ko yayanka ko babanka na shirin sayen mota, akwai wata magana da dillali zai kawo a ƙarshen ciniki, bayan hankali ya riga ya kwanta: "A sa mata kotin?" Ni dai ra'ayina kada ka biya. Ku biyo ni in faɗa muku dalili.

2/
Bara bayan girbi, Yayana ya sayar da shinkafar da ya noma a fadamar Argungu, ya haɗa da 'yan kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya ce zai sayi Corolla 'yar Kwatano. Muna hutun makaranta, sai ya ce in raka shi. Muka taso daga gida Nasarawa tun da hantsi.

3/
An gama ciniki, an yi sallama, sai dillalin ya dafa bonet ya ce: "Ranka shi daɗe, wagga mota ba a kai ta gida hakanan. Bari yara su sa mata kotin. Shekara biyar rana ba ta taɓa ta, ƙura ba ta kama ta, ko kusa ba ta karce ta. Dubu ɗari da ashirin kaɗai."

4/
Ya sa aka kawo ruwa a leda, ya watsa a kan wata mota da aka riga aka yi wa. Ruwan ya dunƙule kamar ƙwallaye, ya gangara ƙasa. Wallahi abin ya burge. Na ce, "Yaya, mu ɗan dakata mana." Ya ce, "Kai ɗan boko, komai sai ka yi gardama." Ya biya.

5/
Wannan kalma ta "ɗan boko" ce ta sa na zauna na karanta abin sosai. Kafin mu yanke hukunci, mu fara sanin abin da ke jikin motar. Fentin da kamfani ke yi hawa-hawa ne: na farko mai hana tsatsa, na biyu shimfiɗa, na uku launi, sai na ƙarshe marar launi mai kamar gilashi. Mu kira shi fatar sama.

6/
Duk hawan nan in ka haɗa su, kaurinsu wajen maikiron 100 zuwa 150 ne. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wato duk fentin motarka bai wuce kaurin takardar A4 da ɗan kaɗan ba. Fatar saman ita kaɗai wajen 40 zuwa 50 ce, kuma ita ke tare hasken rana da ke kashe launi.

7/
To shi "kotin" fa? Sunan ɗaya ne a bakin dillali, amma abu uku ne daban:
• Kaki, wanda ake samu daga ganyen bishiyar karnuba ta Brazil. Makonni zuwa 'yan watanni yake yi.
• Man roba na haɗi. Wajen wata huɗu zuwa shida.
• Siramik, mai sinadarin silika. In an yi shi daidai, yana kai shekara biyu ko fiye.

8/
Matsala ta farko: ranar da aka shafa, duka ukun kama ɗaya suke. Duka suna sheƙi, duka suna dunƙule ruwa. Wasan watsa ruwan nan da ya ja Yaya, ko kakin gwangwani mafi araha a kasuwa zai yi shi. Ba ka da yadda za ka gane wanne aka sa maka sai bayan watanni.

9/
Matsala ta biyu: sheƙin da ka gani yawanci ba na kotin ba ne, na injin goga ne. Injin yana ɗan shafe saman fatar ya baje ƙananan karce, shi ya sa take ɗaukar ido. Amma kowace guga tana rage kaurin fatar, kuma ba ta tofowa. Motar da ta tsufa a Turai ko Amurka, Allah kaɗai ya san sau nawa aka goge ta.

10/
Matsala ta uku: siramik na gaske ba aikin awa ɗaya ba ne. Sai an wanke, an cire datti da ya maƙale, an goge, an share duk maiƙo, sannan a shafa gaɓa-gaɓa a cikin ɗaki rufaffe, a bar shi wajen kwana guda ba ruwa ba ƙura. Na Yaya, a fili aka yi, ƙarƙashin rana, kafin mu dawo daga sallar Azahar an gama.

11/
Sai maganar "ba ta karcewa". Za ku ga an rubuta 9H a jikin kwalba, mutane su ɗauka taurin lu'ulu'u ne. A'a. 9H ma'aunin fensir ne, irin wanda ke ba mu HB da 2B. Ma'anarsa fensir mafi tauri bai karce shi ba a gwaji. Fensir fa, ba dutse ba.

12/
Ma'aunin taurin duwatsu daban ne, na Friedrich Mohs, tun 1812. A kansa lu'ulu'u na da 10, ƙwayar yashi irin ta kwaz na da 7. Yashi ya fi gilashin taga tauri. Shi kuwa siramik ɗin da ake shafawa kaurinsa wajen maikiron ɗaya zuwa biyu ne. Ta yaya zai tare yashi?

13/
Ga inda abin ya shafe mu mu 'yan Kebbi. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ya sauke mana. Ka wanke mota da dare, da safe ka rubuta sunanka a gilashi da yatsa. A cikin ƙurar nan akwai ƙwayoyin yashi masu kaifi.

14/
Me muke yi? Kowace safiya a miƙa wa yaro tsumma busasshe a ce "share motar nan". Wallahi wannan daidai yake da goga mata sanfefa mai laushi. Zane-zanen nan masu kama da saƙar gizo da kake gani a jikin baƙar mota in rana ta haska, daga nan suke. Babu kotin da ke hana su.

15/
Hunturu na wucewa sai bazara. Maris da Afrilu a Birnin Kebbi zafi na haura digiri 40, jikin ƙarfen mota kuwa ya fi haka nesa. Sai mu gudu ƙarƙashin dogon yaro neman inuwa, can kuma tsuntsaye da jemagu na jira. Kashinsu in ya bushe a fenti mai zafi, yana cin fatar ya bar tabo.

16/
Sai wanki. Yawancinmu da garin sabulun wankin kaya muke wanke mota, da soso ɗaya da bokiti ɗaya, taya da jiki duka. Sabulun wanki aikinsa cire maiƙo, don haka kaki da man roba ba sa daɗewa a gabansa. Ruwan burtsatse kuma in ya bushe a rana yakan bar ɗigo-ɗigon fari.

17/
Mu koma kan Yaya. Motar na zirga-zirga tsakanin Nasarawa da gona, wani lokaci har bakin Matan Fada. Kafin hunturu ya ƙare, ruwa ya daina dunƙulewa, saƙar gizo ta cika bonet. Shekara biyar ɗin da aka yi alkawari ba ta kai wata huɗu ba.

18/
Muka koma wajen dillalin. Ya zagaya motar ya ce, "Da mi kunka wanke ta?" Yaya ya faɗa masa. Ya ce, "To ai ku kunka ɓata aikin." Babu rasit na kotin, babu sunan man da aka sa, babu takardar garanti. Maganar baki ce, iska ta tafi da ita.

19/
Abin da ya fi ba ni haushi ba wannan ba ne. Wata rana a hanyar Argungu tayar baya ta fashe, Yaya na ɗauke da Umma da matarsa. Allah ya kiyaye, ba gudu yake ba, ya samu ya gangara gefe. Da mai faci ya duba, sai ya nuna mana wasu lambobi huɗu a gefen tayar.

20/
Kowace taya tana da su, a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tamu 2316 aka rubuta, wato mako na 23 na 2016. Tayoyin sun tsufa, gefensu duk ya tsattsage. Kuɗin da ya tafi kan sheƙi, da ya rage mana hanya wajen sayen sabbi.

21/
Wannan shi ne ainihin abin da nake son mu gane. Mai sayen 'yar Kwatano kuɗinsa a ƙidaye suke. Ranar da ka karɓi makulli akwai taya, birki, baƙin mai, batir, ruwan lagireto, inshora da tantance takardun kwastam suna jiranka. Fenti bai taɓa kashe kowa a hanya ba. Taya da birki sun kashe.

22/
Kada ku ɗauka dabarar nan ta nan gida ce kawai. A Amurka ma dillalai sun shahara da cusa wa mai saye ƙarin kaya a ƙarshen ciniki. A Disamba 2023 hukumar FTC ta fitar da doka da ta hana cajin kuɗi kan ƙarin da ba ya amfanar mai saye da komai.

23/
A Janairu 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar, bisa dalilin ba a bi matakan tsara ta yadda ya kamata ba. Abin lura: ƙasar da ake rubuta komai a takarda ma sai da hukuma ta tsoma baki. Ina ga mu da ciniki ke ƙarewa da "Allah ya sa albarka"?

24/
Yanzu in yi adalci, don na san masu sana'ar na karantawa. Ban ce kotin ƙarya ba ne. Siramik na gaske yana sa datti ya rage kamawa, wanki ya yi sauƙi, kuma yana ba ka ɗan lokaci kafin kashin tsuntsu ya yi ɓarna. Akwai matasa da suka koyi aikin nan da kyau, haƙƙinsu ne a biya su.

25/
Abin da nake ƙi shi ne a saya a hannun dillali, ranar ciniki, cikin zumuɗi, ba ka san me aka shafa ba. Dillali sana'arsa sayar da mota. Kotin ɗin wani zai kira ya yi, ya ɗora ribarsa a kai. In ka je wajen mai aikin da kanka, ka ga kwalba, ka ga wuri, ka yi ciniki ido da ido.

26/
Akwai ma wani tarko. Da yawan motocin nan an yi musu gyaran jiki da sabon fenti kafin a kafa su a fili. Sabon fenti na buƙatar wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa kafin a rufe shi da kaki ko kotin. Kuma sheƙi na ɓoye aibi. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a tsumma: inda aka cika foti da yawa, ba ya kamawa sosai.

27/
In ka nace sai ka yi, tambayoyi biyar:
• Mene ne sunan man? Nuna min kwalbar.
• Wa zai shafa, kuma a ina?
• Awa nawa aikin zai ci?
• Garantin a rubuce yake? Me ya rufe, me bai rufe ba?
• Za a ba ni rasit daban?
In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

28/
Rasit ɗin ba wasa ba ne. Ko wajen hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, za ka kai kuka, ko wajen shugaban 'yan kasuwa, abin da za a fara tambayarka shi ne shaida. Mu Yaya ba mu da ita, shi ya sa muka dawo gida muna haɗiye yawu.

29/
To me za ka yi a madadin? Abubuwa masu sauƙi:
• Inuwa. 'Yar rumfar kwano a gida ta fi kowane kotin.
• Kada a share ƙura a bushe. A fara kwarara ruwa.
• Sabulun mota, ba na wanki ba.
• Bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma.
• Tsumman taya daban.

30/
Ƙari: a yi wanki da sassafe ko da yamma, ba jiki na zafi ba, a tsane ruwan kafin ya bushe. Kashin tsuntsu a jiƙa shi a ɗauke a ranar, kada a kankare. Tamfol ɗin rufe mota kuma kada a sa shi a kan ƙura, in iska na kaɗa shi gogar fentin yake.

31/
Sannan ka sayi gwangwanin kaki ko man roba, ka shafa da hannunka sau uku a shekara: kafin hunturu, kafin bazara, kafin damina. Awa ɗaya ce a inuwa ranar Asabar. Yanzu ni ke yi wa ta Yaya, yana biya na da kuɗin data. Ya daina ce min ɗan boko, sai dai "injiniya" 😂

32/
A taƙaice: wanda ya sayi sabuwa dal, yana da gareji da rarar kuɗi, ya je wajen ƙwararre ya yi siramik, ba laifi. Amma kai da ka sayar da amfanin gona ko ka ci adashe ka sayi 'yar Kwatano, ka fara da abin da ke taɓa ƙasa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

33/
Yau in ka fita, ka durƙusa ka karanta lambobi huɗun nan na tayar motar gidanku, ka rubuto min abin da ka gani a ƙasa. Masu wankin mota da masu fenti na Birnin Kebbi da Argungu, in akwai inda na kuskure ku gyara min. A tura wa duk wanda ke shirin sayen mota. Allah ya tsare mu a hanya. 🤲