Majigi Bai Fitar da Kowa Daga Bangaskiya Ba

Saƙon murya ne ke yawo a WhatsApp tun ranar Talata. Wani dattijon ikilisiya a nan cikin Katsina, ba zan faɗi cocinsa ba, yana rantsuwa cewa matasan da suka shigo da majigi da jita cikin sujada sun yi ridda. Wai don an haska waƙa a bango maimakon a buɗe Littafin Waƙoƙi.

Baba, da girmanka? Duk Bamasihin da ya taso a Malumfashi ko Kafur ya san wanda danginsa suka yanke shi, aka hana shi mata da gado, a kan wannan zargi. Mu da muka sha ɗacinsa, yau mu ne ke jifan 'ya'yanmu da shi saboda wayar lantarki.

Ba cewa nake babu rigimar koyarwa ta gaske ba. Akwai. Tun 2003 da Angilikan ta Amurka ta naɗa Gene Robinson, mai zaman jinsi ɗaya, bishop, Angilikan ta Najeriya ta ja daga, har masu adawa da naɗin suka yi taron GAFCON a Urushalima a 2008. A Disamban 2023 bishop-bishop na Katolika a ƙasar nan suka ce ba za a sa wa zaman jinsi ɗaya albarka a cocinsu ba, duk da takardar da ta fito daga Roma. Wannan gardama ce a kan abin da Littafi Mai Tsarki ya ce. Amma ku dubi Taraba: da cocin United Methodist ta rabu biyu a 2024, magana ta tashi daga koyarwa ta koma wa zai riƙe gini da fili, har aka rasa rayuka a Munga Dosa. 

Su ma dattawan nan sun manta. Turawan mishan na farko ba sa son jin ganga a majami'a, kiɗan arna suke ɗaukarta. Iyayenmu na zumuntar mata ne suka shigo da tulu da caki, suka ƙi fita da su. Yau wa ya isa ya hana?

Gaskiyar dattawa ɗaya ce: wasu matasan ƙarar lasifika suka iya, ko aya biyar ba su haddace ba.

In ana neman abin kuka, ga shi nan. Hausa ce ake kora daga sujada. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da harshenmu, aikin su Likita Miller na Wusasa. A 2023 Katolika ta ba Katsina dayosis, ta naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop. Duk da haka sai ka shiga coci a birnin Dikko ka tarar an ba sujadar Turanci lokaci mai kyau, ta Hausa an matse ta kamar baƙuwa, fasto Bahaushe yana fama da Turanci, tsofaffi suna gyangyaɗi. A kan wannan ban ji dattijo ko ɗaya ya yi saƙon murya ba. Mai saƙon muryar nan ma, jikokinsa da Turanci suke gaishe shi, yana murna.

Majalisar dattawan cocin nan ta kira dattijon ya janye maganarsa a gaban jama'a ranar Lahadi, tun yaran ba su kwashi jitarsu sun koma cocin da ke bayan layi ba.