Jatan Lande da Kududdufan Birnin Kudu da Gwaram

Sharhinmu na yau a kan kiwon jatan lande ne, da abin da ya haɗa shi da lafiyar yaranmu a Birnin Kudu da Gwaram.

Yawancinmu busasshensa muka sani. A auno shi a gwangwani ranar kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara, a daka, a zuba a miya. Daga bakin teku ake kawo shi, daga Akwa Ibom da Kuros Riba, shi ya sa ake ɗaukarsa kayan kudu. Amma akwai ire-irensa masu zama a ruwan daɗi, kuma kiwonsu ya zama sana'a a ƙasashe da dama. Ga mai ƙyanƙyami kuwa, mazhabar Malikiyya da muke bi ta halatta cin dabbobin ruwa.

Kiwon nan kashi biyu ne. Na farko na ado ne, a akwatin gilashi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne wani ɗan ja da aka fara inganta irinsa a Taiwan, tsawonsa santimita 2 zuwa 3. Akwai kuma wanda ake kira da sunan Takashi Amano, mutumin Japan da ya yayata shi a shekarun 1980 saboda yadda yake cinye gansakuka. In ka tsaya gaban akwatin, za ka ga ɗan jan nan yana ta tsintar abinci a jikin ganye da dutse, hannuwansa ba sa hutawa. Macen tana rungume da ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta, tana yi musu fifita da ƙananan ƙafafunta har su ƙyanƙyashe cikin mako uku ko kusa da haka. Lokaci-lokaci za ka ga fatar da ya saɓe a ƙasan akwatin. Kada ka kwashe, shi da kansa zai cinye ta don sabuwar ta yi ƙwari.

Cinsa kaɗan ne, amma ba ya jure gurɓataccen ruwa. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe shi. Maganin kifi mai sinadarin tagulla yana kashe shi. A fesa maganin sauro a ɗakin da yake, kafin gari ya waye an yi asara. Ya fi son ruwan da zafinsa bai haura maki 28 ba, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan kai 40. Saboda haka matashin da yake sha'awa ya nemi ɗaki mai sanyi, ya fara da kaɗan, ya riƙa canza ruwan sannu a hankali.

Kashi na biyu shi ne kiwon manya a kududdufi domin ci da sayarwa, kuma nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Bari mu leƙa Senegal. A 1986 aka kammala madatsar ruwa ta Diama a kan Kogin Senegal, kusa da birnin Saint-Louis, don hana ruwan gishiri hawowa gonaki. Noman rani ya bunƙasa, amma an tare hanyar wani babban jatan lande na kogunan Afirka ta Yamma. Shi wannan, dole macen ta gangara inda ruwan kogi ya gauraya da na teku ta saki 'ya'yanta, in sun yi ƙwari su hauro. Da hanya ta toshe, sai ya ƙare a saman madatsar. Dodon koɗi, wanda shi ne abincinsa, ya samu sake ya yi ta hayayyafa. A 1988 cutar tsargiya ta ɓulla a garin Richard-Toll, ta zama annoba.

Mun san tsargiya a nan. Yaro mai ɗauke da ita ya yi fitsari a kududdufi, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, ya yawaita a cikinsa, sannan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga wanka ko wanki. Ana raba magani a makarantu, kuma yana aiki. Sai dai yaron da ya warke yau, jibi yana cikin ruwan nan, domin dodon koɗin yana nan inda yake.

Wannan ne ya sa wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Susanne Sokolow, suka mayar da jatan landen a wata mashaya da ke ƙauyen Lampsar, suka kewaye wurin da raga. An ba mutanen ƙauyen magani, an ba na wani ƙauyen da ba a zuba masa komai ba. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa a Lampsar dodon koɗi mai ɗauke da cutar ya ragu da kashi 80 cikin 100, yawan ƙwan tsutsar a jikin mutane kuma ya ragu da rabi idan aka kwatanta da ɗaya ƙauyen. Gwajin ƙauye biyu ne kacal, amma ya isa a tsaya a duba.

To, ko za a iya a Jigawa? Akwai cikas, kuma gara a faɗe su tun yanzu. Ruwan yankinmu ba ya zuwa teku. Kogunan Jama'are da Haɗeja yake bi, ya shiga Komadugu Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi. Ke nan wannan babban iri ba zai hayayyafa da kansa a nan ba, sai an ƙyanƙyashe shi a ruwa mai ɗan gishiri, a kawo 'ya'yan duk shekara. Ba baƙon abu ba ne: tun farkon shekarun 1960 Shao-Wen Ling ya gano wannan sirri a Penang ta Malesiya, kuma da shi manoman Bangaladash suke kiwon irin nasu a gonakin shinkafa. Sannan tarwaɗa tana cinye jatan landen, don haka sai dai a haɗa shi da karfasa. Yana bukatar maɓoya, domin in ya yi saɓa 'yan'uwansa kan far masa. Yana bukatar watanni kafin ya isa kamu, alhali kududdufai da yawa suna ƙafewa da rani. Babban abokin gabansa kuwa shi ne maganin feshi: manomi ɗaya ya wanke famfon feshinsa a bakin ruwa, aikin shekara ya lalace.

Don haka ba muna cewa kowa ya sayar da akuyarsa ya shiga wannan kiwo ba. Abin da muke nema gwaji ne, domin gani ya kori ji. Sashen nazarin kiwon kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutse yana kusa, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya tana cikin Birnin Kudu, Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa tana New Bussa. Su haɗa kai da gwamnatin jiha, su zaɓi kududdufai kaɗan da ba sa ƙafewa a ƙananan hukumomin nan biyu, a kewaye su, a ƙirga dodon koɗi, a gwada yara kafin farawa da bayan an gama, a sanar da jama'a abin da aka samu. A kuma yi da irin Afirka, kada a sako baƙon iri a kogunanmu.

Kafin nan, iyaye su tabbata yaransu sun sha maganin tsargiya duk lokacin da aka zo rabawa, manoma kuma su nisanta kayan feshi da bakin ruwa.