Kafin a Sare Giginya ta Ƙarshe

Labari ya iso mana cewa a Maleziya da kudancin Najeriya masu bincike suna haɗa kankare da ɓawon ƙwarar manja a madadin tsakuwa, suna kuma cuɗa tokarsa da siminti don rage tsada. Madalla. Sai dai kwakwar manja ba ta fitowa a Magariya ko Dungas. Manta kawai muke gani cikin jarkoki. Ɗan kasuwar da ya ɗauko ɓawo a kamyo tun daga kudu, kuɗin mota zai cinye ribarsa kafin ya iso iyakar Tinkim. Abin koyi a nan shi ne sun dubi abin da gonarsu ke zubarwa, mu kuwa mun raina namu.

Rufin ƙasar nan tun kaka da kakanni a kan azarar giginya ya dogara, domin gara ba ta cin ta. Amma giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara, gatari kuwa wuni guda ya ishe shi. Wanda azara ta fi ƙarfinsa ya koma kwano, ɗakinsa ya zama tanda a bazara.

Damanar 2024 ta rusa dubban gidajen laka, har da tsohon masallacin Birni na Damagaram. Gwamnati ta rage farashin siminti cikin Oktoban shekarar, kuma hakan ya dace. Tsoronmu shi ne a ɗauka cewa laka ta gama yayi. Masallacin nan ya haura shekara 150 a tsaye. Galibin gidajen da ke faɗuwa, rashin tushe mai ƙwari, da rashin indararo, da sakacin yaɓe ne ke kayar da su.

Magani yana gida. Tun 1980 aka fara gwada gini ba itace a Cikal, ƙasar Filinge: tubalin ƙasa zalla, rufi mai ƙubba, babu azara ko ɗaya. Magina na dā sun san cuɗa laka da ƙaiƙayi don hana tsagewa, sun san makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa don kare bango daga ruwa. Karan gero dai a bar shi, dabbobi sun riga mu buƙata, kuma yana da kasuwarsa da rani.

Cikas ɗin yana ofis. Muddin takardun kwangila ba su san ginin dindindin ba sai na siminti da ƙarfe, babu ɗan kwangilar da zai kusanci laka, yara kuma su ci gaba da karatu a rumfar zana, wadda ba ta tsayawa sai an gama girbi, ruwan farko ya watse ta. Muna kira ga hukumomin Bande, Waca, Gushi da Dogo-Dogo da su ware aji guda-guda cikin kasafin baɗi, a gina su da tubalin ƙasa bisa tushen dutse da siminti, a buga kuɗin da aka kashe a bainar jama'a, sannan a koma a duba su bayan damana uku.