Ɗalibai biyu da kwalin Ribena

A shekarar 2004 aka ba wasu 'yan mata biyu masu shekara 14 aikin kimiyya a makarantar sakandare ta Pakuranga da ke birnin Okland, ƙasar Niyu Zilan. Suka zaɓi auna bitamin C a lemukan da ake sayarwa a kanti, a zatonsu masu araha ne za su gaza. Cikin masu tsadar akwai Ribena, a lokacin na kamfanin GlaxoSmithKline, wanda tallarsa ke cewa 'ya'yan itacen da ake yin sa da su sun ninka lemun zaƙi sau huɗu a bitamin C.

Irin wannan gwaji ba ya buƙatar wasu manyan na'urori. Yadda aka saba yi a makarantu, a zuba lemon a kofin gilas, a sa ɗan ruwan sitati, a riƙa ɗiga aidin ana ƙirgawa. Muddin da sauran bitamin, zai cinye aidin ɗin. Da ya ƙare, sai ruwan ya rikiɗe ya koma shuɗi mai duhu. Yawan ɗigon shi ke nuna yawan bitamin.

A Ribena kusan babu komai. Yaran ba su yi gaggawar zargin kowa ba. Sun ɗauka su ne suka yi kuskure, suka sake gwajin, sakamako bai canza ba. Daga nan ne suka rubuta wa kamfanin takarda. Da ba su sami gamsasshiyar amsa ba, maganar ta kai ga shirin talabijin na Fair Go mai bin kadin masu saye, sannan ta isa hukumar kula da cinikayya ta ƙasar. Hukumar ta yi nata gwajin, ta kai ƙara. A watan Maris na 2007 kamfanin ya amsa laifuka 15 a kotu, aka ci shi tarar dalar Niyu Zilan 217,500, aka kuma umarce shi ya buga gyara a jaridu.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin da suka bi: aunawa, sake aunawa, sannan magana da wanda abin ya shafa, kafin a je ga hukuma. Ɗalibin da aka tura zanga-zanga ba hujja a hannu an cuce shi, haka ma wanda aka koya wa awo aka ce ya rufe littafi ya yi shiru.

A yawancin makarantunmu, ɗakin gwaje-gwaje a kulle yake sai jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, a kaɗe ƙura a yi na cin maki. Alhali abin aunawa yana bakin ƙofa: ruwan rijiyar unguwa, fiya wata da yara ke sha a lokacin tara, gishirin da aka rubuta wa cewa yana da aidin. Rashin awo kuwa yana iya kisa: a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ba tare da mutane sun san abin da ke cikin ƙurar ba.

Malaman kimiyya, ko sau ɗaya a zango ku bar ɗalibai su auna wani abu daga unguwarsu. In sakamakon ya nuna matsala, a maimaita har a tabbatar, sannan ku zauna da su su rubuta wa mai unguwa, ko ƙaramar hukuma, ko NAFDAC, da alƙalumansu a jikin takardar.