Sujadar Ɗan Ƙwallo da Ma'aunin Adalcinmu

Yau ina so mu ɗan leƙa gidan kallon ƙwallo, domin akwai darasin da na ga ya dace mu ɗauko daga can.

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin gidan kallo ya san abin da ke faruwa idan ɗan wasa Musulmi ya ci ƙwallo ya faɗi ya yi sujada. Sai ka ji ɗaki ya ɗauka da kabbara, har wanda aka ci ƙungiyarsa ya ce, "Kai, yaron nan namu ne!" To amma bari wani ya ci, ya durƙusa ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. Nan take za ka ji tsaki, wani ya ce, "Ji shi, sai iyayi." Tambayata gare ka ita ce: me ya bambanta su? Kowannensu fa ya nuna godiya ne ta hanyar da aka tarbiyyantar da shi. Bambancin yana idon mai kallo.

Wannan hali ba namu ba ne mu kaɗai. A Amurka, a shekarar 2011, wani ɗan wasan ƙwallon zari-ruga irin tasu mai suna Tim Tebow ya yi suna da durƙusawa a kan gwiwa ɗaya yana addu'a a bakin fili. Kiristoci da yawa sun ɗauke shi gwarzo, wasu mutanen kuma suka mai da shi abin ba'a. A 2014 sai ga Husain Abdullah, Musulmi, ya ci maki a irin wannan wasa ya yi sujada, alƙali ya hukunta ƙungiyarsa. Washegari hukumar gasar ta fito ta ce bai kamata a hukunta shi ba.

Dubi kuma Ingila da Faransa, maƙwabtan juna. A watan Afrilun 2021 alƙali ya ba da dama aka ɗan dakata a wasan Leicester da Crystal Palace domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyate su sha ruwa, don suna azumi. A Faransa kuwa, a 2023 hukumar ƙwallon ƙasar ta umarci alƙalanta kada su tsayar da wasa saboda buɗa-baki, wai addini ba ya shiga fili. Azumin ɗaya ne, rana ɗaya ce take faɗuwa, amma tarbar da aka yi masa ta sha bamban.

Ba a musun cewa ɗan wasa mai riƙo da addini yana iya sauya zukata. Bayan Mohamed Salah ya koma Liverpool a 2017, ya ci ƙwallo 32 a gasar Firimiya a kakarsa ta farko, yana ci yana sujada. Wasu masu bincike na Jami'ar Stanford da abokan aikinsu sun bi diddigi, suka wallafa a 2021 cewa laifukan ƙiyayya a yankin Liverpool sun ragu da kashi 16 cikin ɗari idan aka kwatanta da abin da ake tsammani. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai ka lura da waƙar da magoya bayansa suka riƙa yi masa a lokacin: sun ce su ma za su musulunta, amma da sharaɗin ya ƙara cin wasu ƙwallayen. Raha ce, na sani, amma akwai gaskiya a cikinta. Soyayyar 'yan kallo tana rataye da raga. Mesut Ozil ya yi kukan haka lokacin da ya daina buga wa Jamus a 2018, inda ya nuna cewa ana ɗaukarsa ɗan ƙasa idan an yi nasara, baƙo idan an sha kaye.

To, mu dawo kanmu, don Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna jin zafi idan an hana namu shan ruwa, kuma muna da gaskiya. Amma da Kaka na Brazil ya buɗe rigarsa mai ɗauke da sunan Yesu bayan AC Milan ta ci kofin Turai a 2007, mu nawa ne muka ga haƙƙinsa ne? In har kana so a bar naka ya yi sujada, dole ka haƙura na wani ya durƙusa. Malamanmu sun karantar da mu a Suratul Ma'ida, aya ta 8, cewa ƙin mutane ba ya halatta mana barin adalci. Ba a cire filin ƙwallo daga wannan hukunci ba.

Akwai kuma wani gefen. Namun ma ba mu bar shi ya sarara ba. Sau da dama Salah ya sa hoton iyalinsa kusa da bishiyar Kirsimeti, sai dubban Musulmi su yi masa ca da zagi a intanet, waɗanda jiya suke kiransa jakadan Musulunci. Nasiha daban, zagi daban. Mu ne muka ɗora masa rawanin da bai nema ba, sa'an nan muka zo muna tuhumarsa da rashin iya naɗi. Ɗan ƙwallo ba malamin fiƙihu ba ne. In ya yi abin kirki ka yaba, in ya yi kuskure ka yi masa addu'a, amma karatun addininka ka ɗauke shi a gaban malaminka.

Don haka ɗan'uwa ɗalibi, ga abin da nake roƙonka. Ran da ka sake zama kallo, kafin tsaki ya fita daga bakinka, tambayi kanka: da ɗan addinina ne ya yi haka, zan ji haushi? In amsar a'a ce, to haɗiye tsakin. Ku kuma iyayenmu, ku sani yara suna jin sharhin da kuke yi a gaban talabijin, kuma shi suke ɗauka su kai makaranta, inda watakila abokin zamansu ba addininsu ɗaya ba.

Abu na ƙarshe: abin kunya ne mu yi kabbara don wani ya yi sujada a Ingila, alhali an kira magariba a masallacin unguwarmu muna manne da benci.

Allah ya sa mu zama masu adalci ga namu da wanda ba namu ba, amin.