Sunan Kamfani Ba Ya Isa Hujja Wajen Sayen Kwamfuta

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a shekarar 2015, kuma aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru a 2020, kwamfutar tafi-da-gidanka ta shiga cikin lalurorin da uba a Rikoto da ke Zuru yake lissafawa tare da kuɗin makaranta, har wani ya sayar da buhunan dawarsa domin ɗansa ya samu abin rubuta aikin ƙarshe. Tambayar da ake yi kullum ita ce: HP ta fi, ko Dell, ko Lenovo? A ra'ayina wannan tambaya ba ta kai mutum ga haƙiƙa, domin kowane ɗaya daga cikin kamfanonin nan yana ƙera nau'i biyu mabambanta a ƙarƙashin tambari ɗaya.

Akwai wadda aka ƙera domin ma'aikatu da bankuna, irin su EliteBook ta HP da Latitude ta Dell da ThinkPad, wadda Lenovo ta gada daga IBM a 2005. Akwai kuma wadda aka yi domin kasuwar jama'a, irin su Pavilion da Inspiron da IdeaPad, masu ƙyalli a ido da sauƙin farashi. Bambancin yana bayyana a mahaɗin murfi, inda ake buɗewa da rufewa: a mai araha an ɗaure kusoshin a cikin roba, bayan wani lokaci robar ta tsage, murfin ya fara gwalewa, daga nan wayar allo ta tsinke; alhali kuwa a ta ma'aikatu galibi ƙarfe ne ya riƙe su. Idan aka haɗa da ƙurar hunturu da take toshe fanka, da zafin bazara, da wutar da ba ta da tabbas, da girgizar babur a cikin jakar ɗalibi, sai mai hankali ya fahimci dalilin da ya sa nake fifita tsohuwar ThinkPad ko Latitude ta gwanjo a kan sabuwa fil mai araha, musamman tun da darajar Naira ta faɗi a 2023.

Sannan akwai mas'alar gyara, wadda mutanenmu suke gafala da ita. MacBook ta Apple, babu shakka, ƙirarta ta kai matuƙa, amma a sababbinta an liƙe ma'ajiyar bayanai a jikin allon injin, ba a cirewa, kuma in ta lalace a Zuru sai an nufi Kano ko Legas da ita. Batirin HP ko Dell da cajarsu kuwa, mai gyara yana iya aikawa Titin Beirut a Kano a sako masa a mota.

Sai dai wajibi ne in yi gargaɗi game da gwanjon: Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar galibin injinan Intel da suka gaza zubi na takwas. Saboda haka mai saye ya tafi da wanda ya san harkar, a duba lambar injin, a cire caja a ga tsawon lokacin da batir zai riƙe, a taɓa maɓallai ɗaya bayan ɗaya, kuma a yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida kafin a ƙirga kuɗi.