Akwatin Rediyo Ba Ya Duba Littafin Yaro

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Jihar Kano duka saboda annobar korona. 'Yan ajin jarrabawa sun koma a watan Agusta, amma sauran yara ba su sake ganin allon aji ba sai a watan Oktoba, watau fiye da wata shida ke nan. Gwamnati ba ta naɗe hannu ba, Ma'aikatar Ilmi ta shirya darussa ta rediyo da talabijin, malamai kuma suka yi bakin ƙoƙarinsu. Wannan abin yabo ne. Amma mu da aikinmu shi ne horad da malamai, tilas mu tambayi kanmu ko darussan nan sun isa kunnen yaron Getso a ƙasar Gwarzo, ko yarinyar Garo a ƙasar Kabo, in kuwa sun isa, me suka bari a kansa?

Maganar talabijin dai a ajiye ta, don inda ba wutar lantarki akwatin ado ne kurum. Rediyo kam akwai ta a ƙauye, amma fa ta maigida ce. Shi ke sayen batir, shi ke rataya ta ya tafi gona ko kasuwa, kuma don labaru ya saye ta. Ga shi azumin wannan shekara ya kama ran 24 ga Afrilu, ana fita daga shi kuma damina ta kankama. Wanda ya san ƙasar Gwarzo ya san ba manomin da zai bar ɗansa a gindin rediyo da hantsi alhali ga shuka ga noman farko. 'Yan mata kuwa talla da aikin gida suka cinye musu yini.

To, a ce ma yaron ya sami rediyon, ya zauna ya kasa kunne. A nan ne babbar matsalar ta ke. Ɗan aji biyu da ke koyon haɗa baƙi da wasali, ganin harafin ya ke bukata, da hannun da zai riƙe nasa ya nuna masa inda ƙugiyar ɗ ta ke. Malamin rediyo ya ce, "Ku rubuta," yaro ya rubuta, to wa zai duba? In ya juya b ta zama d, haka zai yi ta juya ta har wata shida, ba mai ce masa kul. Haka kuma lissafi. Malamin rediyo tafiya ɗaya ya ke yi, ba ya waiwaye. Yaron da bai gane ragewa mai aro ba ran Litinin, ran Talata an wuce shi, ran Laraba kuwa sai ya tashi ya kama wasansa. Saboda haka waɗanda suka fi cin moriyar darussan nan su ne masu wa ko ya da suka yi boko a gida, watau waɗanda da ma can ba su ne abin tsoro ba.

Wannan ba sabon sani ba ne. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun soma koyar da yara ta talabijin a 1964, amma ba su bar yaran da akwati su kaɗai ba, kowane aji sai da aka sa masa mai kula, wanda zai maimaita darasi ya duba aiki bayan an kashe akwatin. A 2020 ɗin nan kuma an yi wani gwaji a ƙasar Botsuwana. Aka riƙa aika wa waɗansu gidaje tambayoyin lissafi a rubuce ta waya, waɗansu kuwa bayan saƙon sai a kira su sau ɗaya a mako a yi aikin tare da yaron. Da aka auna, saƙo shi kaɗai bai tsinana abin kirki ba, amma yaran da aka riƙa kira sun ƙaru ƙwarai. Ba intanet aka yi amfani da ita ba, ƙaramar wayar nan ce da ke aljihun kusan kowane magidanci a Kabo.

Ra'ayinmu shi ne, rediyo ta tsaya a matsayin mataimakiya, aikin kuwa a mayar da shi hannun malamin da ke zaune cikin garin, wanda ya san yaran da sunayensu, ya san iyayensu. Kada wani ya ce ai annoba ta wuce. A watan Fabrairu na 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe a Zamfara, Gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana goma da ke wajen birni. Dalilin rufe makaranta ba ya ƙarewa.

Shirin kuma ba mai wuya ba ne. Kowane hedimasta ya rubuta lambar wayar uba ko wakilinsa a rajistar aji tun ranar ɗaukar yaro. Ofishin Ilmi na ƙaramar hukuma ya ajiye takardun aiki bugaggu na karatu da lissafi, aƙalla na aji ɗaya zuwa uku, waɗanda za a iya rabawa ta hannun dagatai da masu unguwanni, a karɓo su a ƙarshen mako malami ya duba ya mayar. Darasin rediyo kuma a sa shi bayan la'asar, lokacin da maigida ya dawo da akwatinsa. Kwalejojin horad da malamai su ma su sa wannan cikin abin da su ke koyarwa, don bayyana rabawa ga yaro ɗan shekara tara ta waya cikin minti goma sha biyar gwaninta ce, ba kowa ke tashi da ita ba.

Abu ɗaya mu ke jawo hankalin akawuna da ma'aji a kansa. Kada a ce malami ya sayi katin waya daga albashinsa, in an yi haka mako biyu shirin zai yi ya mutu. A ware kuɗin katin da na buga takardun cikin kasafin shekara, da sunansu a rubuce, tun makarantu suna buɗe.